Yadda Na Sayo Uwar Mesa a Landan

A shekarata ta biyu a Landan kuɗin karatun da ake aiko mana daga gida ya ɗauke cak. Karatun kiwon dabbobi na je yi, wajen ƙarshen shekarun tamanin, na bar matata Rabi da 'yarmu a hannun mahaifiyata a Malumfashi. Komawa gida ba takardar shaida ba ta cikin tunanina, zaman kuma sai da abin kaiwa baki. Na yi wanke-wanke a gidan abinci, na yi sharar ofis, ko'ina in na ɗan zauna sai a ce an samu wani.

Wata Juma'a bayan an idar da salla a masallacin Regent's Park, ina neman takalmina sai wani dattijo ya dafa ni. Baba Isifu ne, mutumin zangon Kumasi, mai sayar da doya da busasshen kifi a kasuwar Deptford. Mun saba gaisawa. Hausarsa irin ta Gana ce, mace da namiji duk ɗaya suke a bakinsa.

"Malam Habibu, kai dabba kake karanta, ko?"

Na ce, "E, Baba."

"Akwai wani baturiya kusa da rumfana. Mijinshi ya mutu, yana neman mutum. Yana da ɗaki a sama, babu haya."

"Wace irin dabba take kiwo, Baba?"

Ya gyara hularsa, ya ce, "Ka zo ka gani da idonka. Ba ya cizo."

Washegari na hau jirgin ƙasa daga tashar Charing Cross. Ina tura ƙofar shagon wani ɗumi ya buge ni, irin wanda ban ji ba tun da na baro gida. Na tsaya na lumshe ido. Da na buɗe su sai na ga akwatunan gilashi jere har rufi, kowanne da maciji kwance a ciki. Na ja da baya har na take wa Baba Isifu ƙafa. Mu da a gida in rana ta faɗi ko sunansa ba a kamawa, sai dai a ce igiyar ƙasa, ga shi nan an kunna masa fitila an ajiye masa kwanon ruwa.

Mai shagon, Misis Pat, gajeriya ce mai furfura da kakkaurar murya. Ta dube ni ta ce, "Ron ma da ya fara haka ya yi. Zo ka sha shayi." Ron shi ne marigayi mijinta.

Gaskiya ɗumin nan ne ya riƙe ni a makon farko, sai ɗakin da ke sama. Daga baya kuma son sani ya karɓa. Yawancin abin da take sayarwa wata ƙaramar mesa ce da ake kawowa daga Gana da Togo, ba ta da dafi, tsawonta bai wuce sandar makiyayi ba. In ta tsorata ba ta sara, sai ta dunƙule kamar gammo ta ɓoye kanta a tsakiya. Na riƙa tambayar Misis Pat abubuwa har tana gajiya. Me ya sa idonsu ke yin fari-fari kafin saɓa? Da me suke jin tahowar mutum tunda ba kunne? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne masu saye. Na ga direban bas, na ga wata ma'aikaciyar banki da ke sa wa macijinta suna tana yi masa hira. Wani ya taɓa zuwa da hawaye saboda nasa ya mutu, na dai yi masa ta'aziyya yadda ake yi.

Amma shagon yana ciwo. Mesar da aka kamo daga daji ba ta son cin abinci a akwati. Sai mutum ya saya, bayan wata biyu ya dawo da gawa yana faɗa. Wadda aka ƙyanƙyashe a gida ita ce mai ci, mai daɗewa, kuma Ron ne ya iya wannan sana'a. Da ya kwanta ciwo aka sayar da matan macizansa, namiji guda ya rage.

Wata rana da sanyi ya fara shigowa, Misis Pat ta zaunar da ni. Ta ce wa'adin hayar shagon zai ƙare ƙarshen bazara mai zuwa. In ba mu samu 'ya'ya na gida a wannan shekara ba, za ta rufe ta koma wajen 'yarta a bakin teku.

Na ce, "To mu sayi ƙanana mata mu rene su mana."

Ta ce, "Habib, macen tana shekara uku, huɗu, kafin ta isa ƙwai. Wata kuma ka rene ta har ta girma ta ƙi yi. Dube ni, ina da shekarun jira? Babba nake so, wadda ta taɓa yi. Gwiwoyina ba sa hawa tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa. Kai za ka nemo mana."

Na kwana ina juya maganar. In shagon ya rufe, ɗakina ya tafi, abincina ya tafi, karatun da ya rage mini ya bi su. Sai dai na ɗan ji ƙarfin gwiwa, domin mahaifina dillalin shanu ne, a kara na tashi. Na san yadda ake gane saniyar da ta haihu: ka duba hantsa, ka duba haƙori, ka duba ƙugu. Da safe na tsaya gaban wata mesa ina kallonta daga kai har wutsiya. Ba hantsa, ba ƙugu, haƙoran kuma wa zai duba? Igiya ce kawai mai ido.

Na fara bin tallan da ake bugawa a bayan wata jarida ta masu saye da sayarwa. Na ga gidaje a Landan da ban taɓa zaton akwai su ba. Wani ya mayar da ɗakin wankansa gidan macizai. Wata mata ta rufe mini ƙofa tun kafin in buɗe baki. Daga ƙarshe na samu wani mai suna Gary a wani dogon bene na gidajen hukuma a gabashin gari. Lif ya lalace, na hau da ƙafa har numfashina ya kusa ɗaukewa. Mutum ne mai fara'a, ya ba ni shayi, ya ce yana son 'yan Afirka. Ya fito da mesa mai kauri, mai sheƙi, ya kuma miƙo mini hotuna: ga mesa ta naɗe fararen ƙwai.

Ya ce, "Ka gan ta nan. Bara ke nan. Ba don matata ta matsa ba da ban rabu da ita ba."

Na biya, na sa ta a rigar matashi na ɗaure, na dawo ina jin kaina kamar wanda ya ci kasuwa. Misis Pat ta yi murna har ta sayo kek. Da mesar ta huta muka haɗa ta da namijin Ron. Maimakon abin da muke jira, sai suka tashi da kokawa, wannan ya danne wancan, wancan ya ture wannan. Misis Pat ta kira likitan dabbobin unguwa. Ya zura wani siririn tsinken ƙarfe a gindin wutsiyar, ya cire, ya dube mu ta saman tabarau.

"Wannan ai namiji ne."

Na kawo hotunan. Ya ajiye su kusa da mesar ya nuna mini cewa kowace mesa da zanenta, kamar yadda kowace saniya take da nata. Zanen wuyan ta hoton daban, na wannan daban. Na koma benen nan, na sake hawa, maƙwabciya ta leƙo ta ce Gary ya tashi.

Na zaci kora ce. Misis Pat ta kunna sigari ta ce, "Ron sau biyu aka yi masa haka. Yanzu muna da maza biyu. Je ka nemo musu mata." Amma na san kuɗin da ya rage mata ba zai ɗauki kuskure na biyu ba.

Cikin wannan hali wani ɗalibi da ya dawo daga hutu ya kawo mini kaset daga gida. Na hau ɗakina na kunna. Muryar Rabi, muryar 'yata da ta fara haɗa magana, kukan akuya daga nesa. Na dafe kai. Sai mahaifiyata ta karɓa.

"Habibu, an zo an gaya mini wai ka bar boko ka koma gardanci, kana yawo da macizai a Ingila. Ni ban yarda ba. Amma in gaskiya ne, ka ji tsoron Allah, gidanmu ba a yi gardi ba."

Ban san lokacin da dariya da kuka suka haɗe mini ba. Na kai wa Baba Isifu kaset ɗin ya ji. Ya ce in kawo rediyona mu ɗauki kaset na amsa, shi zai ba da shaida. A rumfarsa, tsakanin tulin doya, ya gyara murya ya ce, "Hajiya, ina gaishe ka. Ɗanka ba gardi ba ne. Kiwo yake yi kamar kaza. Maciji nan ba shi da dafi, kuma yaro yana salla a kan lokaci, ni ne shaida." Rabi ta gaya mini daga baya cewa sai da aka yi ta maimaita wurin nan a gida ana dariya, mahaifiyata na tambaya wane ne wannan mai ce mata "ka".

Likitan nan ne ya taimake mu. Ya ce akwai wata tsohuwar malamar makaranta a can arewacin gari, wajen Barnet, mai suna Mis Agnes, za ta koma gidan tsofaffi kuma ba a yarda da dabba a can ba.

Na same ta a wani ƙaramin gida mai tsabta. Doguwa ce, ciwon gaɓɓai ya lanƙwashe mata yatsu har kofi da hannu biyu take ɗauka. Na je da shirin yin tambayoyi, sai na tarar ni za a yi wa. Wane zafi muke ba su da rana? Me muke shimfiɗa musu? In mesa ta ƙi ci me nake yi? Me ya sa nake son wannan aiki? A nan na gaya mata gaskiya, na ce ɗumi ne ya kawo ni, yanzu kuma ina son in ga yadda suke fitowa daga ƙwai. Ta yi murmushi, ta ce in dawo wani mako. Ko mesar ba ta nuna mini ba.

Da na koma ta kai ni ɗakin baya. Ta ce, "Ga Bessie." Ban taɓa ganin irinta ba, kaurinta ya kai damtsena, tana kwance cikin natsuwa. Na ce, cikin ladabi, yaya zan tabbatar ta taɓa yin ƙwai, domin an taɓa nuna mini hoto.

Ta ce, "Ni ba ni da hoto." Ta buɗe wasu akwatuna a gefe. Mesa uku, girmansu daban-daban. "Wannan 'yarta ce ta fari. Waɗannan na baya ne. Dubi bayan kansu."

Na duba. Bessie tana da wani ɗigo a bayan kai kamar ƙwayar gyaɗa, kowannensu kuma yana da irinsa, wani babba wani ƙarami. Ta ba ni sunayen mutanen da suka karɓi sauran 'ya'yan, ta ce in je in tambaye su. Ta koya mini in shafa gefen ciki in ji ko akwai tsoka, in saurari numfashi ko da shaƙuwa, in duba ƙarƙashin haɓa saboda ƙwari. Ta kuma ce, "Ko da duk wannan, sauyin gida yana iya sa ta ƙi yi bana. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

Wannan maganar ce ta sa na yarda da ita. Sharaɗinta ɗaya: in Bessie ta yi ƙwai, a bar mata abinta ta kwanta a kai, kada a ɗauke a sa a na'ura.

Ranar da na je ɗauko ta, sama ta yi nauyi tun safe. Mis Agnes ta sa ta a jakar yadi, ta haɗa mini da gorar roba ta ruwan zafi, irin wadda Turawa ke sawa a gado. Ta ce, "Sanyi ne kaɗai maƙiyinta. In ya shige ta, ƙirji zai kama ta." Ba ta rako ni ƙofa ba.

Kafin in kai tasha ƙanƙara ta fara zuba kamar ana shiƙar auduga. Tube ya riƙa tafiya yana tsayawa. Da ƙyar na iso Charing Cross bayan la'asar, na tarar da jama'a cike, allon sanarwa kuma ya nuna duk an soke jirage. Na taɓa gorar, ta huce. Na shiga wani lungu, na ɓalle maɓallan rigata, na sa jakar a kan fatar cikina, na mayar da riga da kwat na rungume. Na ji ta sanyi ƙalau, nauyi kamar jariri. Can sai ta fara motsi a hankali tana neman inda ya fi ɗumi, ta lafe a haƙarƙarina. Tsigar jikina ta tashi, na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, amma ban sake ta ba.

A shekarun nan ana tsoron bam a tashoshi. Ban jima a tsaye ba wani ɗan sanda ya nufo ni.

"Me ke cikin kwat ɗinka?"

Baƙo ne ni, ɗalibi, na san yadda ƙaramar magana take zama babba. Na ce, "Maciji ne, yallaɓai."

"Me ka ce?"

"Mesa ce. Ba ta da dafi. In na buɗe a nan sanyi zai kashe ta."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce in wuce gaba, in kuma bar hannuwana inda yake ganinsu. Ya kai ni wani ɗan ofis mai hitar ɗumama ɗaki, akwai wata 'yar sanda a zaune. Na fito da jakar na kwance. Bessie ta leƙo da kai tana wasa da harshe. Matar ta miƙe ta koma bayan kujera. Shi kuwa ya sunkuyo, ya tambaye ni me take ci, shekarunta nawa, da gaske ƙwai take yi kamar kaza? Na yi ta ba shi amsa. Daga nan ya ɗauki gorar ya cika ta daga butar shayinsu, ya naɗe ta da tawul, ya gaya mini bas ɗin da har yanzu yake ratsa kogi.

Bas ɗin ya kai ni New Cross ya ce iyakarsa ke nan. Sauran na taka da ƙafa, takalmina cike da ruwan ƙanƙara, hannuwana biyu a ciki. Daga nesa na hango mutum biyu a ƙofar shago, Misis Pat da bargo a kafaɗa, Baba Isifu da tocila. Yatsun ƙafata sun kwana biyu ban ji su ba. Bessie kuwa ko tari ba ta yi ba.

Sai jira. Muka haɗa ta da namijin Ron, wannan karon ba kokawa. Azumi ya zo ya wuce, na yi sallar Idi a Regent's Park cikin babbar rigar da Rabi ta aiko. Bessie ta daina cin abinci, tsakiyarta ta kumbura, ta yi saɓa. Wata safiya na sauko na tarar da ita kwance ciki sama, na ƙwala wa Misis Pat kira na ce ta mutu. Ta zo ta duba ta fashe da dariya, ta ce haka masu ƙwai suke yi, ɗumama su take.

Ana shiga bazara ta yi su. Farare, sun fi na agwagwa girma, masu taushi kamar fatar da aka jeme, manne da juna. Ta naɗe su ta ɗora kai a sama. Muka bar mata kamar yadda aka yi alkawari. Kusan wata biyu ba ta ci ba, ruwa kawai take saukowa ta sha ta koma. Ni kuma ina karatun jarrabawa a gaban akwatinta. Ranar da na fito daga jarrabawar ƙarshe na dawo na tarar Misis Pat ta rufe shago da rana tsaka, tana zaune a kan kujera gaban gilashi. Ɗaya daga ƙwan ya tsage, ga ɗan kai kamar kan yatsa ya leƙo yana kallon duniya. Bai yi gaggawar fitowa ba, ya kwana a haka. Shida suka fito. Kafin su yi saɓar fari duk masu saye sun kama su, Misis Pat kuma ta sabunta hayar shago.

Murnar ba ta cika ba, domin Bessie ta ƙi komawa ci. Ta rame har ƙashin bayanta ya fito, fatarta ta yi laushi. In na sa mata ɓera sai ta kau da kai, ta koma ta naɗe wurin da ƙwan suka kasance, ba komai a ciki. Likita ya ce a ƙara haƙuri. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na hau tube na tafi gidan tsofaffin da Mis Agnes ta koma.

Na same ta a keken guragu a bakin taga. Na fara ba ta labarin 'ya'yan, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Uwar fa? Tana ci?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Tana jin ƙanshinsu a jikinta, tana zaton suna nan. Ka wanke ta da ruwan ɗumi, ka wanke akwatin, ka sake shimfiɗa. In ta daina jin su za ta tuna da yunwa."

Na dawo na yi yadda ta ce. Na wanke ta a bahon roba, ni ɗan Malumfashi, ina cuɗa maciji kamar mai yi wa jariri wanka, Baba Isifu na tsaye yana girgiza kai yana cewa, "Wannan kam kar Hajiya ya ji." Bayan 'yan kwanaki na miƙa mata ɓera da yamma. Ta ɗago kai, harshe ya fita ya koma. Kafin in ƙifta ido ta cafke.

Ran Asabar na koma wajen Mis Agnes. Ta ƙara ramewa, murya ta yi ƙasa. Na durƙusa kusa da kekenta na ce, "Ta ci. Jiya ma ta ƙara."

Ta rufe ido ta daɗe a haka. Sannan ta miƙo lanƙwasassun yatsunta ta kama hannuna kamar yadda ake yi in ciniki ya faɗa.

Ta ce, "To, Habib. Yanzu na sayar maka da ita."